Bencin Inna da Ƙofar Baya

Kafin likita ya iso, kafin mai kati ya buɗe tagarsa, Inna Mai Shara ta riga ta share barandar sashen mata ta goge. Sannan ta yi abin da ba wanda ya sa ta. Ta ja benci guda daga layin masu awon ciki, ta kai shi bayan ɗakin gwaji, ta juya shi yana kallon katanga. Bencin nan na matan da ke neman haihuwa ne, waɗanda suka zo gwajin fitsari. A asibitin nan layi ɗaya ake yi, mai tsohon ciki da mai neman ciki kafaɗa da kafaɗa. Inna kaɗai ta ga muguntar wannan zama.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min magana.

Autata ta daɗe a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Kwanakin jira, kafin a san jini zai zo ko ba zai zo ba, su ne ke cinye ta. Ko hamma ta yi sai ta ce alama ce. Ta sayo tsinkayen gwajin ciki ta ɓoye a jaka, kullum da asuba tana banɗaki tun lokaci bai yi ba, ta fito ido jawur. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

Wata rana jakar ta faɗi a barandar asibitin, tsinkayen suka watse. Inna ta tsince su ta zuba a aljihun rigar aikinta.

Auta ta ce, "Inna, bar min ko ɗaya."

Ta ce, "Ko rabi. Ranar da malamar asibiti ta sa miki, ki zo ki karɓa. Kafin nan je ki ki dami mijinki da surutu, ki bar fitsarin nan ya huta."

Auta ta yi dariya. Ni uwarta na manta rabon da in ga haƙoranta.

Ranar ta zo, aka gwada, aka ce babu. Inna ta jingine tsintsiyarta. Ta kama hannunta ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke wajen shanya, ta fitar da ita ta baya, don kada ta ratsa masu ciki da hawaye a fuska. Mai gadi shaida ne, ya ce matan da suka bi ƙofar nan ba su lissafuwa.

Inna, ke ce uwar masu jira. Ke ba ki taɓa ce wa mace "wannan karon zai tsaya" ba, don ba kya ƙarya. Zama kike kusa da ita da tsintsiya a hannu, har hankalinta ya kwanta.

Ga abin da ya ƙona min rai. An yi wa Inna ritaya, ko sannu ba a taru an yi mata ba. Washegari aka mayar da benci layi, aka garƙama wa ƙofar baya kwaɗo. Na tambayi sabon shugaban sashen, ya ce, "Mama, tsari ne."

Na ce, "Ɗan nan, ka taɓa jiran abin da ba ya zuwa?"

Ya shiga duba wayarsa.

To, Auta tana cikin jira yanzu haka, ranarta ta matso. Ina so a kira Inna a gode mata a gaban jama'a. A cire kwaɗon nan, a mayar da benci inda ta bar shi. In ba a yi ba, zan zo da sassafe da ciwon gwiwata in ja shi da kaina, mai hana ni ya zo.

Allah ya saka miki da alheri, Inna. Ku masu aiki a wuraren nan, ku riƙa duba wa kuka zaunar kusa da wa.

Jiya Inna ta aiko wa Auta saƙo daga gida: tsinkayen suna nan wurinta, kada ta kuskura ta sayi wasu.