Mai Usur Ya Tafi, Mahaɗar Tana Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan nan, Allah ya karɓi ran mai facin nan na bakin mahaɗarmu, wanda yara da manya suka fi sani da Mai Usur, bayan jinyar kwana shida. A kan gadonsa ya cika, iyalinsa na kewaye da shi. Mutum uku ne suka tare ni ranar da tambaya iri ɗaya: "Mota ce ta buge shi?" Ban ga laifinsu ba. Wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana tsayawa a tsakiyar wannan titi, mutuwarsa a kan gado ita ce abin mamaki.

Yaya Mai Usur, ga wanda bai san wurin ba sai in kwatanta masa. Hanya huɗu ce ta haɗu. Ɗaya tana gangarowa daga tudu, manyan motoci na sauko ta da gudu, katangar tsohuwar ma'ajiyar siminti kuma ta tokare kwanar, direba ba ya ganin mai fitowa sai ya zo kansa. Makarantar firamare na tsallaken titi. Rumfarka na gefen katangar, shagona na littattafai na fuskantarta, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Ba wanda ya ɗauke ka aikin. Wata safiya mota ta kwashe wata mai tallar lemo a gabanka, kai ka ɗauke ta, washegari ka sayo usur da jan ƙyalle. Tun daga ranar, da safe in yara za su shiga aji, da azahar in an tashe su, sai ka ajiye tayar da kake yi wa faci, ko ta wane ce, ka shiga titi. Na sha jin mai mota na masifa yana cewa sauri yake yi, kai kuma kana ce masa, "Ranka ya daɗe, tayarka ba ta da uwa, waɗannan suna da ita." A ƙarƙashin bencinka akwai akwatin bandeji da auduga, 'yarka ma'aikaciyar jinya ce ke cika maka shi. A bayan rumfa kuma akwai buhun da kake tara fasassun madubai da fitilun motocin da suka yi karo a wurin. Ka ce shaida ce, wata rana za a tambaya.

Ba ka iya rubutu ba, sai ka mai da ni magatakardanka. Wasiƙa goma sha ɗaya muka aika wa majalisar ƙaramar hukuma. Ni in ƙawata jimla, kai ka ce, "Malam, rage gishirin nan, ka rubuta musu mutane na mutuwa." Na karanta littattafai da dama a kan yadda ake mulkin jama'a, amma ban taɓa cin karo da jimlar da ta fi taka ba. Ban kuma ga wadda aka yi banza da ita kamarta ba.

In za a yi adalci, majalisa ba ta taɓa musun cewa wurin na buƙatar gyara ba. Irin gyaran ne ya raba kawunansu. Kansilan gabas ya kafe sai shataletale, don ya gan shi a wata tafiya da ya yi ya ba shi sha'awa. Kansilan yamma ya ce sai fitilar ba da hannu, don shataletale zai ci gaban shagunan mazaɓarsa. Injiniya ya ce dukansu wasa suke, katangar ce matsala. Sashen tsara gari ya ce katangar ba ta cikin taswirarsa, abin da ba ya cikin taswira kuwa ba shi da hurumin rushe shi. Shekara tara ana wannan. An kafa kwamiti, an kafa wani ya duba aikin na farkon. Kana zuwa kowane zama, ka zauna a bencin baya da buhunka tsakanin ƙafafu, maganar mahaɗa kuma kullum ita ce ta ƙarshe a ajanda, kafin a iso ta rabin kujerun sun zama wayam. Da ka gaji ka yi tudun rage gudu da hannunka, da siminti da tsakuwa, cikin kwana biyu aka turo ma'aikata suka fasa shi saboda ba ka da izini. Ranar na san ashe majalisarmu ta iya sauri.

Amma abin da ya hana ni sakewa tun da aka binne ka shi ne na bara. 'Yan majalisa suka ce ba za a yanke hukunci da ka ba, sai da alƙaluma. Aka turo jami'i da kujera da littafi, ya zauna a inuwar shagona wata guda yana ƙirga haɗari a lokacin shiga makaranta da lokacin tashi, wato daidai sa'o'in da kake tsakiyar titi da usur a baki. Ya ƙirga motoci dubbai, haɗari ko ɗaya bai gani ba. Rahoto ya fito cewa mahaɗar ba ta cikin wuraren da ke buƙatar gaggawa. Na bi shi har ofis na ce masa, "Yallaɓai, ai mutumin nan ne ke tare motocin." Ya buɗe takardarsa ya nuna mini, akwai gurbin mota, akwai na babur, akwai na mai tafiya a ƙasa, babu gurbin mai faci.

Shugaban kwamiti, mutum mai fara'a, shi ya kawo mafita. Ya ce maka, "Baba, ka daure ka huta na wata ɗaya, mu ga ainihin yadda wurin yake." Ka dube shi ka ce, "Yallaɓai, ɗan wa za mu fara ƙirgawa? In naka ne, kawo shi gobe." Aka yi dariya, aka ɗage zama. Na so in rubuta wasiƙa ta goma sha biyu a daren, ka ce in bari, takarda ba ta tsayar da tirela.

To, Yaya, yanzu sun samu hutun da suka roƙa. A kwana shidan da ka yi kwance, babur biyu sun yi karo, wata motar kaya ta goge katangar. Jiya da azahar na ga malamar aji ɗaya ta jera yaranta a bakin kwalta, sun riƙe rigar juna, tana leƙa gangaren tana ja da baya, har sau huɗu. Na rufe shago na ɗauko ƙyallenka. Direbobi ba su san ni ba, ɗaya ma ya tambaye ni ko lafiya. Mun dai tsallake.

Kansilolin biyu sun zo gaisuwa, Allah ya ba su lada. A nan kan tabarma ɗayansu ya ce ya kamata a sa wa wurin sunanka. Uwargidanka ta tashi ta shiga ciki ta jawo buhun nan, ta dire shi a gabansu, gilasai na ƙara. Ta ce, "Ya ce in ba ku. Sunansa kuma ku bar masa abinsa."

Majalisa za ta zauna ranar Alhamis. Ba na goyon bayan shataletale, ba na goyon bayan fitila, duk wanda suka zaɓa na yarda. Roƙona ɗaya ne, a ɗauko maganar daga ƙarshen ajanda a sa ta a farko, kafin jami'in nan ya dawo da littafinsa ya samu abin rubutawa.

Allah ya jiƙanka, Mai Usur, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Yadda ka riƙa tsallakar da 'ya'yan mutane lafiya, Allah ya tsallakar da kai siraɗi lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'yarka da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba su haƙurin rashinka. Yaran aji ɗaya kuma, da za su tsaya a bakin titin nan gobe da ƙarfe bakwai da rabi, Allah ya tsare su. Amin.