Golmon da na yi wa ruwa

Shekarun baya, za su kai shida ko bakwai, ni ɗin nan na taɓa hawa sikelin da nake auna hatsi a rumfata, allurar ta wuce inda buhun dawa yake tsayawa ta yi gaba abinta. Na waiga in ga ko wani ne ya ɗora ƙafa. Ba kowa. Ni ne dai da tumbina.

Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa ta taga na yi shi.

Tun da na buɗe rumfar hatsi a kasuwar Zuru na bar gona a hannun 'yan ƙwadago, sana'ata ta koma zama. Safe tuwon dawa, rana tuwon dawa, da la'asar a gangara gindin mangwaro a gaida ƙwaryar burkutu. Jiki ya yi ta karɓa, bai taɓa cewa ya isa ba, har gwiwoyina suka fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ina da gona a kan dutse ta hanyar Manga, wadda mahaifina ya jera wa duwatsu da hannunsa don kada ruwa ya kwashe ƙasar. Damina biyu ban taka ta ba. Ranar da na gwada, a tsakiyar hawa na zube ina haki, sai da mutum biyu suka riƙo ni muka sauko.

Likita ya auna ni ya ce hawan jini ne, ga kuma nauyi. Ya ce, "Baba, dole a rage jikin nan. Doguwar tafiya za ta ƙarasa maka gwiwa. Da za ka samu inda za ka riƙa iyo, shi ne daidai da kai."

Na ce, "Likita, ni ɗan dutse ne. Ruwa a ƙwarya na san shi."

Da Kirsimeti babban ɗana ya zo daga Kaduna. Bayan an ci an sha ya gyara zama ya ce, "Baba, mun yi magana da ƙannena. Gonar dutse za a ba wani ya riƙa nomawa, kai da Mama ku dawo wurina, kusa da asibiti."

Mun yi magana! Ina raye, ina tauna nama da haƙorana, an zauna an yi magana a kaina. Na ce masa, "Ka ba ni zuwa ruwan shuka. In na hau gonar nan da ƙafata, ba mai riƙe ni, kada in ƙara jin zancen Kaduna. In na kasa, ka zo da motarka." Ya ce ya yarda, yana murmushi irin na wanda ya riga ya share ɗaki.

Washegari na tafi wurin abokina. Tare muka tashi, shi ya shiga soja ya fito da igiya uku, don haka Saje muke ce masa. A soja ya koyi iyo. Ya kai ni wani gurbi a rafin bayan gari wanda ba ya ƙafewa da rani, ruwansa iya ƙirji, gefe guda mata suna wanki. Na datse wani tsohon wando na saka, na tuɓe riga. Wanki ya tsaya.

Ina shiga wata ta ce, "Baba, a hankali, kada ka kore mana ruwan!"

Wata ta ce, "Yaushe dorina ta iso Zuru?"

Na ce, "Ku yi dariya, 'ya'yana, haƙoranku ne. Gobe ma ina nan tafe."

Na kuwa zo. Jibi ma na zo. Sati uku ina zuwa kowace safiya, kuma sati ukun nan ban matsa ko taku biyu ba. Saje ya kawo jarka in riƙe, ya tsaya kusa da ni yana ba da oda kamar a fareti: "Kai ƙasa! Hura iska! Buga ƙafa!" Ni kuwa kaina na sama kamar na ƙadangare. Da na ɗaga kai sai ƙafafu su nutse, da ƙafafu sun nutse sai in buɗe baki, da na buɗe baki sai gurbi ya shigo. Na sha ruwan nan har na gane sabulun kowace mace da ɗanɗano.

Saje ya ce, "Mi ka hana ka tsoma wanga kai naka?"

Na ce, "Saje, ni ban taɓa duƙar da kai ga kowa ba, ba kuma da ruwa zan fara ba."

Cika baki ne. Tsoro nake ji. Da fuskata ta taɓa ruwa sai in ji kamar an rufe ni da ƙasa.

A gida ma ba sauƙi. Matata ta dawo daga taron zumuntar mata na coci ta ce, "Maigida, ana ta zancenka. Dattijo kamarka, kullum tsirara gaban matan mutane. Ba ka jin kunya?"

Na ce, "Da wandona."

Ta ce, "Wannan abin kake kira wando?"

Wata safiya ina shirin fita ɗana ya bugo waya, muka gaisa, ya ce, "Baba, an gama yi wa ɗakinku fenti." Na kashe wayar. Ranar na faɗa ruwa da fushi, na yi ta dukansa kamar shi ya yi fentin, shi ma ya rama, ya shaƙe ni sosai. Na rarrafo bakin gurbi na zauna ina tari, hawaye na zuba. Ko matan ba su yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Saje ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ajiye muryar soja, ya koma yarenmu. Ya ce, "Kai maƙaryaci ne. Ka ce ba ka taɓa duƙar da kai ba? Shekara bakwai ka yi, kai ƙasa gindi sama, a gonar surukinka. Ina kusa da kai."

Golmo yake nufi. Ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, a da saurayi ba ya samun mata sai ya yi shekaru yana noma wa uban yarinya, shi da sa'o'insa, a jere, ana waƙa ana huɗa.

Ya ce, "Wa ka taɓa gani yana huɗa yana kallon sama? Ai garma za ta sare masa yatsa. Kuma yaushe muke numfashi? Ka sara, ka ja, ka juya ƙasar. A juyawar nan kake shaƙa. To ruwa ma haka ne. Mutumin da ke tada kunya ɗari a wuni, kunya guda ta mata masu wanki za ta kai shi Kaduna?"

Na tashi. Na ture jarka. Na duƙa kamar na riƙe garma, na tsoma fuska, na buɗe ido. Sai na ga yashi a ƙasa, shimfiɗe kamar gonar da ke jiran huɗa. Jama'a, ina duƙar da kai sai gindina ya taso da kansa, ƙafafu suka biyo shi. Na sara da hannun dama, na ja, na juya na shaƙi iska. Na sara da na hagu. Can sama-sama nake jin Saje ya ɗauko waƙarmu ta golmo da tsohuwar muryarsa, yana tafi. Ban san na ƙetare ba sai da goshina ya gaisa da dutsen da ke wancan gefen.

Na miƙe da ƙulu a goshi. Wadda ta ce min dorina ita ta fara guɗa.

Daga ranar muka daina cewa iyo. Ƙetarawa ɗaya, kunya ɗaya. Na fara da biyu ina haki, kafin zafin bazara ya yi tsanani ina yin ashirin. Na rage malmalar tuwo, ni da burkutu kuma muka rage zumunci, ko da yake ba mu yi faɗa ba. Matata da ke cewa ana zancena ita ce ta kai wandunana wurin tela a rage musu ƙugu, tana gaya wa telan wai dabararta ce.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Asabar ɗana ya iso da mota. Muka tafi gindin dutsen, ni da shi da Saje. Na fara hawa, shi yana bayana ya miƙo hannu. Na ce, "Ka taɓa ni, ka ɓata sharaɗi." Ba zan yi muku ƙarya ba, gwiwa ta yi magana, a wurin da na zube wancan karon har ta ɗaga murya. Sai na sunkuyar da kai, na bar kallon saman dutsen, taku biyu in shaƙa, taku biyu in shaƙa. Da na ɗago ina tsakiyar gonar mahaifina, ƙasa jiƙe tana ƙamshi. Na waiga, ɗana yana can ƙasa ya dafa bishiya yana haki.

Na ce, "Ɗan Kaduna, in sauko in riƙo ka?"

Yanzu idan na tuna, abin da na gane shi ne ba sabon abu ke gagarar tsoho ba, yaren da ake koya masa ne. Sati uku ana min da yaren bariki ban ji ba, aka yi min da yaren garma na ji nan take. Har yau Saje yana cewa abin da nake yi ba iyo ba ne, noma ne, kuma na yarda. Ƙwayar hawan jini ina sha, gwiwa tana tuna min da kanta in hadari ya haɗu. Ɗana kuwa ban riƙe shi a rai ba, ƙauna ce ta sa shi, ƙaunar ce dai ta yi gaggawa.

Bana ma na yi shuka a kan dutse. Ranar da zan kasa hawa tana nan tafe, na sani, ba na jayayya da Allah. Amma in ta zo, ni zan faɗa da bakina.