Manang Perpetua, Mu Ba Baƙi Ba Ne

Ranar Talata, tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Manang Perpetua Dacutanan a gidanta da ke garin Catbalogan, a tsibirin Samar, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ɗiyarta Jovelyn ce ta ɗauki wayarta ta sanar da mu. Ina tsakar gidana a Iloilo ina shanya kaya saƙon ya shigo. Na kife bokiti na zauna a kai, ban tashi ba sai da rana ta ƙona mini ƙeya.

Manang, yayata, tun ranar masu lallashina magana ɗaya suke maimaitawa. Wai in yi haƙuri, ai ba jinina ba ce, ko ido da ido ma ba mu taɓa haɗuwa ba. Saboda su na ɗauki alƙalami. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ke kika buɗe zauren nan namu a waya shekaru da yawa da suka wuce, domin matan da mazajensu ke aiki a jiragen ruwa. Kowace a tsibirinta, kowace da miji a tsakiyar teku. Mace irinmu ba ta ɗaukar maganar iska da hadari a matsayin hirar banza. Kullum da safe muryarki ce ta farko: ga yadda sama take a Samar, ga abin da gwiwarki ta gaya miki. Gaskiya, gwiwar nan ta sha yin ƙarya. Ranar da kika rantse ruwa ba zai sauka ba, ranar ya jiƙa miki kifin da kika shanya. Sitti Raida, ƙawarmu Musulma ta Zamboanga, ta ce, "Manang, ki kai gwiwar nan wurin mai gyara." Kika ce, "Gwiwa ta faɗi daidai, hadarin ne bai ji magana ba."

Daga nan sai labarai su ɓarke. Jikan wance ya fara tafiya, karyar wance ta haihu a ƙarƙashin gado, surukar wance ta zo kwana biyu ta share wata. Ni da ke kuwa rigimarmu ba ta ƙarewa a kan wane tsibiri ya fi mangwaro mai zaƙi. Da Satumba ta kama, ke ce mai fara damunmu da waƙoƙin Kirsimeti, har Raida ta ce ta haddace su ba da son ranta ba.

Shekarar da mijina Rogelio ya yanke jiki ya faɗi a jirgi, aka sauke shi a wata tashar ƙasar waje, ɓarin jikinsa ya shanye, na rasa wanda zai gaya mini gaskiyar halin da yake ciki. Kamfanin sai ce mini yake ana dubawa. Ke kika bi matan zaure ɗaya bayan ɗaya kina tambayar inda jirgin mijin kowace yake, har kika gano na mijin Raida zai tsaya kusa da garin. Bawan Allahn nan ya hau mota ya je asibitin, ya kanga wa Rogelio waya a kunne na ji numfashinsa. Bayan haka kika kira ni, ba gaisuwa ba komai, kika ce, "Linda, kin ji yana da rai. To tashi ki ɗora shinkafa, yara ba kuka za su ci ba." Ga Rogelio nan yau a gefena yana jan ƙafa, yana kukan rashinki kamar yaro. A zo a gaya masa ke baƙuwa ce.

Da ciwo ya kama ki, ba ki ɓoye mana ba, ba ki kuma bari mun yi miki kallon abin tausayi ba. Daga kan kujerar wankin ƙoda kike turo hoto, jan baki raɗau, gashi a gyare. Likita ya ce ki rage magana ki huta. Kika ce mana, "Na gaya masa da baki nake magana, ba da ƙoda ba." A watan jiya kika zauna kika fere gora, kika manna takarda ja da ruwan ɗorawa, kika haɗa fitilar tauraro ta Kirsimeti kamar yadda kike yi duk shekara. Kika sa aka rataye ta a ƙofar gida, kika ce ciwon ya zo ya gani da idonsa.

Ni da Raida muka yanke shawarar zuwa. Ta taso daga kudu, na taso daga yamma, jirgin ruwa da mota, muka haɗu a tashar Catbalogan. Ba mu taɓa ganin juna ba, amma tun daga nesa na gane ta da lulluɓinta da dariyarta. Muka rungume juna muna kuka a gaban masu dako.

Akwatinki na falo, furanni kewaye da shi, maza na karta a rumfar waje kamar yadda aka saba a zaman makokinmu. A bakin ƙofa ƙanwar mijinki, Consolacion, ta tare mu.

"Ku kuma daga ina?"

"Ƙawayenta ne," na ce.

"Au, na waya? Ku ne kuka hana ta hutawa har ta mutu. Ga kujeru can a rumfa, ciki na dangi ne."

Raida ta ajiye jakarta ta ce, "Yaya, teku muka ƙetaro. Ba kujera muka zo nema ba, yayarmu muka zo gani."

Sai ga mijinki, Manong Doring, ya fito yana dafa bango. Tsohon mai dafa abinci a jirgi, ya rame, idanu sun yi ja. Ya tsaya yana kallonmu, ya ce wa Raida, "Sake magana in ji." Ta gaishe shi. Ya nuna ta da yatsa: "Ke ce mai zagin gwiwar matata." Ya juyo gare ni: "Ke kuma mai mangwaro mai tsami." Ashe kullum a kicin kike sakin muryoyinmu da ƙarfi, har ya haddace mu. Ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Conching, matsa. Waɗannan sun fi ki sanin abin da ake dafawa a gidan nan."

A haka na fara ganin fuskarki, Manang, ta bayan gilashi. Kin fi yadda na zata ƙanƙanta. Jovelyn ta sa miki jan bakinki.

Ina ɗago kai na hango fitilar tauraron a kan kabad, an sauke ta, an kife. Na tambayi dalili. Consolacion ta ce gidan makoki ne, ba gidan biki ba. Manong Doring ya ce, "Ta gaya mini da bakinta, ko tana kwance a falon nan a kunna ta. Ni ne ƙarfina ya ƙare, na kasa musu."

"Me mutane za su ce?" in ji Consolacion.

"Ga ta nan kwance," ya ce. "Su shigo su gaya mata."

Na riƙe kujera, Raida ta miƙa fitilar, Jovelyn ta hau ta rataye. Masu karta suka ajiye karta suka yi tafi. Ba zan zalunci Consolacion ba, ita ce ta yi shekaru tana raka ki asibiti, kuma baƙin ciki ne ya kaifafa harshenta. Da yamma ita da kanta ta kawo mana kofi da wainar shinkafa, ta ware wa Raida kwanon da naman alade bai taɓa ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Perpetua. Ka gafarta mata kurakuranta, ka sauke mata gajiyar jinya, ka ba ta hutawa a wurinka. Raida ma ta ɗaga hannu ta roƙa wa gidan haƙuri a yadda addininta ya koya mata. Ina miƙa ta'aziyyata da ta dukan matan zaure ga Manong Doring, da Jovelyn da ’yan’uwanta, da jikoki, da Consolacion. Allah ya ba ku juriya, ya tsare mazajen da ke kan ruwa a wannan Kirsimeti.

Zauren ba za a rufe shi ba, Kirsimeti kuma za mu yi ta, da waƙa da girki, ko da hawaye na zuba a tukunya. Ranar Asabar, bayan sujada, za a kai ki makwancinki. Wanda ke neman mu, ya duba bayan akwati, inda dangi ke tafiya.