Ma'aikata da Maaikata

A shekarata ta biyu ina aikin kula da kwamfutoci a jami'a, nan Wudil, aka kawo sabuwar rauta, akwatin nan da ke watsa waifai, aka ce in kafa ta a ginin tsangayarmu. Lokacin ba a tabbatar da ni a aiki ba. Takardata tana kan teburin shugaban tsangaya, wata na biyar ke nan tana jiran sa hannunsa.

Na kafa ta a yini ɗaya. Da aka zo raɗa mata suna sai iyayi ya motsa mini. Wanda ya kafa tsohuwar tun kafin zuwana ya rubuta sunanta "Maaikata", ba hamza, ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama tsakanin baƙaƙe. Ni kuwa na sha dorina a firamare a kan hamza, don haka duk sanda na ga sunan sai raina ya sosu. Na zauna na rubuta "Ma'aikata" tsaf, ina jin daɗin kaina. Faswod kuma na bar na da, don kada manyan malamai su dame ni da kira. An ce mini tsohuwar an cire ta an kai sito, ban je na duba ba.

Kafin mako ya zagayo ƙorafi ya fara. Mutum zai shigo ofishina ya dangwarar da waya ko laftof a gabana, ya ce ga sandunan waifai a cike taf, amma shafi ya ƙi buɗewa. Injiniya suke kirana, wasu da girmamawa, wasu kuma ka ji sunan ka san zagi ne. In na duba sai in tarar na'urar ta koma kan "Maaikata" marar hamza. Ashe tsohuwar tana nan da ranta a wani lungu na ginin, tana watsa suna ba intanet a cikinta ko kaɗan, na'urori kuma sun saba da ita, da sun ji ta sai su manne. In sa wayar ta manta da ita, in mayar da ita kan sabuwar, mai ita ya tafi. Gobe wani ya zo.

Ran nan na gaji, na ɗauki wayata na bi baranda ina kallon sandunan. In na yi gabas su ragu, in na yi yamma su ƙaru. Haka suka yi ta jana har ƙofar shugaban tsangaya. Sakatariyarsa ta bar ni na shiga. Bayan kabad ɗin fayil na sami tsohuwar rautar, ƙura ta rufe ta, 'yar fitilarta tana ta ƙyafta ido, an jona ta da inbatar ofishin, mai riƙe wuta in an ɗauke.

Farfesa yana zaune yana duba takardu. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida da aiki da gajiya, sannan na yi masa bayani a tsanake.

Ya ce, "To, sai me?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an kashe ta shi ke nan, kowa ya huta."

"Firintata fa? Ita kaɗai ta sani. An taɓa kawo wani ya ce zai sauya mata, na yi kwana uku ban buga takarda ba."

"Ranka ya daɗe, minti goma ya ishe ni in haɗa ta da sabuwar."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Haka wancan ma ya ce. Kada ka taɓa mini komai sai bayan jarrabawa. Ka rubuta sanarwa, mutane su buɗe ido. Ai duk masu ilimi ne."

Yana maganar, gwiwar hannunsa tana kan tarin takardun da tawa ke ciki. Ina iya hango gefenta, don na san launin fayil ɗina. Na ce to, na gode, na fita da baya.

Na rubuta sanarwar na manna a allo da ƙofar kowane ofis: a zaɓi mai hamza. Ban rubuta inda tsohuwar take ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ana kan bincike.

Ofishin da ke manne da na Farfesa na wata ƙaramar malama ce mai koyar da ilimin sinadarai, 'yar Filato, shekararta shida tana koyarwa a nan. Ranar Lahadi akan gan ta da 'yarta a Sabon Gari sun fito daga coci, mata masu tuyar awara suna tsokanarta wai ta fi su iya Hausa. Gaskiya ta iya, har da salon Kanawa. Amma a saƙon waya ba ta sa hamza ba ta sa lanƙwasa, kamar yawancinmu, "maaikata" take rubutawa, "dalibai" take rubutawa. A idonta sunayen nan biyu abu ɗaya ne.

Ta zo wurina ranar Talata da laftof ɗinta a rungume.

Ta ce, "Injiniya, ina da intabiyu ranar Juma'a, ƙarfe sha ɗaya. Na digiri na uku ne, a ƙasar waje, ta bidiyo za a yi. Sau uku ina nema, wannan ne karon farko da suka kira ni. Shekaruna kuma sun kai iyakar da suka sa, daga bana babu ƙari."

Na ce, "Malama, ki kwantar da hankalinki."

"A gida netwok ba ya tsayawa, nan cikin ginin kuma ka san datar waya ba ta shiga sai ka fita gindin darbejiya. Waifai ɗinka kaɗai na dogara da shi."

Na sa laftof ɗin ya manta da tsohuwar, na haɗa shi da sabuwar, muka gwada kiran bidiyo da ƙanwarta, ya tafi sumul. Na nuna mata hamzar da ɗan yatsa. Ta matso da fuska ta ce, "Wannan ɗan ƙurar?" Muka yi dariya. Na yi mata alkawari zan zo in zauna kusa da ita tun goma da rabi.

Ranar Juma'a na yi sammako saboda cunkoson kasuwa, kafin motocin shanu su toshe gada. Wajen ƙarfe goma sakatariya ta kira ni, wai Farfesa yana so in ɗauki majigi in kai zauren taro a can ɗaya gefen makaranta, in kuma tsaya har a tashi. Na shiga ofishinsa ɗaukar majigin. Ba kowa a ciki. Shi ya riga ya tafi, sakatariya ta fita karɓo shayi. Na tsaya a gaban kabad ɗin, filogin tsohuwar rautar yana nan, ko taku ɗaya ba sai na yi ba. Na san me ya kamata in yi, kada wani ya ce ban sani ba. Na kai hannu har na taɓa wayar, sai na tuna in ya dawo zai buga takarda, firinta ta ƙi, ya tambayi wanda ya shigo. Na ce a raina ai na riga na gyara wa Malama laftof, me zai faru? Na ɗauki majigi na fita. Na leƙa ofishin Malama na ce ina zuwa yanzu. Ta sa jaket a cikin zafin nan na bazara, ta shirya takardunta a jere, ta ɗaga mini hannu.

A zauren aka ce kowa ya kashe ƙarar waya. Na kashe. Saura minti biyar ƙarfe sha ɗaya ta cika aka ɗauke wuta, janareta ya tashi, na tsaya ina fama da majigi ina sake kunna shi.

Abin da ya faru a can sai daga baya na haɗa shi. Sabuwar rauta ba ta kan inbata, in wuta ta ɗauke tana ɗaukar mintuna kafin ta farfaɗo. Tsohuwar kuwa ko gezau. Malama ta ga waifai ya yanke, ta buɗe jerin sunaye a gigice, suna ɗaya ta gani, ta danna, ta sa faswod ɗin da ta sani, ya karɓa. Sanduna suka cika. Ta zauna tana kallon abin nan yana juyawa a allo, tana zaton daga can ne ba su buɗe mata ba tukuna. Ta kira ni sau tara. Sanda ta haƙura ta kwashi laftof ta ruga gindin darbejiya ta kunna datar wayarta, sha ɗaya da rabi ta wuce, sun rufe.

A can na same ta bayan an tashi taro, zaune a kan tubali, jaket ɗin ya jiƙe sharkaf. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na karɓi laftof ɗin na duba, na ga sunan.

Ta ce, "Marar ƙurar na danna, ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "Kuma ka nuna mini. Laifina ne."

Na bar ta da wannan.

Ta rubuta musu ta ba da haƙuri. Suka amsa da ladabi cewa sun ba wani gurbin. A taron ma'aikata na gaba Farfesa ya kawo zancen ba tare da ya ambaci kowa ba, ya ce abin kunya ne a ce malamin jami'a bai iya karanta sanarwa mai layi biyu ba. Wasu suka yi murmushi. Ina zaune a baya, kunya da haushi sun cika ni, haushin kaina ya fi nasa yawa. A makon da ya biyo ya sa hannu a takardata. A gida aka yi ta murna, aka dafa kaza, na ci.

Bayan jarrabawa aka kawo masa sabuwar firinta. Ya kira ni in haɗa ta, na haɗa kafin shayinsa ya huce. Ina shirin fita ya nuna kabad ɗin da baki.

Ya ce, "Injiniya, ɗauke mini tarkacen nan, yana tara mini ƙura."

Na sunkuya na fizge filogin. Ko ƙara bai yi ba.

Na fito da rautar a hammata, wayoyinta suna jan ƙasa, sai ga Malama ta taho daga aji da alli a hannunta. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi iyali, ta yi mini barka da tabbatarwa, don labari ya kai mata. Sai ta dubi abin da ke hammatata.

Ta ce, "Wannan fa? Daga ina?"

Na ce, "Tsohon kaya ne, Malama. Sito zan kai."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Kai dai ba ka hutawa."

Ta ga hannuwana a cike, ta yi sauri ta riƙe mini ƙofar baranda har na wuce.