Ɗakin Sanyin Kawuna

Sana'ata gyaran firigo da kilim, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. Shagona yana bakin babbar hanyar da ta ratsa Gazawa, kusa da wani mai faci. A wannan aiki na saba da ƙazanta. Na buɗe firigon da naman layya ya ruɓe a ciki, na ciro mataccen ɓera daga bayan inji, na wanke hannu na ci tuwona. Amma aikin da na yi wa kawuna dabam ne, har yau in na tuna sai yawu ya taru mini a baki.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi aikin duwan, wato kwastan, shekaru masu yawa, kuma akwai lokacin da aka tura shi ƙaro ilimi ƙasar Ostireliya, ya yi 'yan watanni. Da ya ajiye aiki ya dawo gida ya yi gini a bayan gari. Mahaifiyata ba ta da hirar da ta wuce tasa. In yaro ya ƙi lakol, wato makarantar boko, da Kawu za ta yi masa misali.

Wata Alhamis cikin bazara ya kira ni ya ce in zo da kayan aiki, in zo ni kaɗai. Na hau moto, wato babur, da hantsi na tafi. Bayan mun gaisa bai kai ni falo ba, sai ya bi da ni ta bayan gida zuwa wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya. A da ina tsammanin wurin ajiyar hatsi ne. Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya buɗe.

Warin ne ya fara tarye ni. Kamar tsamiyar da aka jiƙa aka manta da ita mako guda, a haɗa da ruɓaɓɓen mangwaro. Na ja baya na toshe hanci da gefen riga. Da idona ya saba da duhun sai na ga kantocin katako tun daga ƙasa har rufi, kwalabe a kwance a jere, bakunansu na kallona. Wasu sun yi gumi, wani abu baƙi-baƙi ya tsatso ta toshiyarsu ya zuba ƙasa ya daskare, tururuwa ta yi layi a kai.

Na ce, "Kawu, mene ne wanga?"

Ya ce, "Giyar inabi ce. Kwana uku kilim ya tsaya. Na nemi wani daga Maradi bai zo ba, shi ya sa na kira ka."

Na gane abin da bai faɗa ba. Ya fi so baƙo ya gani da ɗan 'yar'uwarsa ya gani. Na tsaya riƙe da akwatin aiki, ina son in juya. Amma mutumin nan shi ya saya mini kayan aikina na farko, kuma ban taɓa ce masa a'a ba. Na ɗora tsani na hau.

Ina kwance ƙusoshi yana ƙasa yana bayani, kamar malamin lakol da ya daɗe bai samu ɗalibi ba. Ya ce duk daga Ostireliya suke, ya yi shekaru yana tara su ɗaya bayan ɗaya ta hannun wani ɗan kasuwa a Kwatano. Ya ce ana kwantar da su ne don kada toshiyar ta bushe, kuma zafi ne babban abokin gabarsu. Ya ɗauko wata ya shafa ta da tafin hannu ya ce inabinta daga wani kwari yake, itacen ya girmi kakanmu. Ya nuna mini wasu masu murfin ƙarfe da ake murɗawa, ya ce mutanen can su suka rungumi wannan murfi tun Turawan Faransa na yi musu dariya, ga shi yanzu waɗannan ne ba su tsiyaya ba.

"Can ma abin yana lalacewa," in ji shi. "Samarinsu sun rage sha, manoma na tumɓuke gonakin inabi. Har wadda ba ta bugarwa suke yi yanzu, don dai a saya."

Ya faɗi haka da irin muryar da ake ba da labarin fari. Ni kuwa ina sama, gumi na shiga idona, warin ya cika mini maƙogwaro. 

Kafin azahar na gano matsalar, gaz ne ya tsiyaye. Na liƙe wurin na cika, na'urar ta tashi. Ina naɗe waya sai ga abokinsa ya shigo, wani tsohon ma'aikacin buro, wato ofis, mai farin gemu. Kawu ya ce dole su duba waɗanda zafi ya taɓa. Suka zauna a kan kujeru biyu, suka jera kofunan gilashi masu dogon wuya. Kawu ya zuba kaɗan, ya karkaɗa, ya tura hancinsa ciki har ƙarshe, ya lumshe ido. Ya kurɓa, ya kurkure baki da ita yana jan iska ta haƙora da wata ƙara kamar mai shan miya da zafi. Sannan ya sunkuya ya tofar.

Abin da ya tofa a ciki ne ya tsayar da ni. Ƙwarya ce mai zanen wuta a gefe, da ɗinkin zare a inda ta taɓa tsagewa. Ta kakata ce, uwarsu shi da mahaifiyata. A cikinta take dama mana fura muna ƙanana. Yanzu dattawa biyu suna karɓa-karɓa da ita, jan yawu mai kumfa yana taruwa a gindinta.

Abokin ya ce yana jin ƙanshin fata da barkono. Kawu ya ce a'a, wannan ta dahu, ta mutu. Ya dube ni ya ga fuskata.

"Ba ma haɗiyewa, ka dai gani. Ɗanɗano ne kawai. Ilimi ne, ɗana."

Na ce, "To, Kawu."

Na sunkuya in ɗauki akwatina, kafaɗata ta taɓa wata kwalba da toshiyarta ta riga ta yi rabin fita. Toshiyar ta fice, ruwan ya kwararo mini daga wuya har ciki, da ɗumi kamar fitsarin akuya. Kawu ya zabura ya tare bakin kwalbar da hannu, bai ko kalli rigata ba.

Ta bayan gari na koma, ta cikin gonaki, don kada in haɗu da wanda zai tsayar da ni gaisuwa. Matata ta ji warin tun ina zaure. Na ce mata wani maganin wanke inji ne. Ta dube ni, ta karɓi rigar da yatsu biyu ta jefa bayan ɗaki. Na yi wanka sau biyu kafin na yarda na yi salla. Da mahaifiyata ta tambaye ni lafiyar gidan ƙanenta, na ce kilim ne ya lalace, na gyara. Ta sa mini albarka.

Shekara uku ina komawa duk bazara ina wanke na'urar nan. Kowane zuwa ina cewa shi ne na ƙarshe. Nakan shafa man zafi a ƙarƙashin hanci kafin in shiga.

A shekara ta huɗu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu. Aka dawo da shi daga asibitin Maradi ba ya iya magana sai gurnani. Bayan kwana biyu matarsa, wadda muke kira Inna, ta aiko in zo. Na same ta a tsakar gida da mabuɗin ƙofar ƙarfen a hannu.

Ta ce, "'Ya'yansa na zuwa daga Yamai jibi, 'yan'uwa ma za su cika gidan. Ba na son kowa ya buɗe ɗakin can ya ga abin da ke ciki."

Na ce, "Inna, ashe kin sani?"

"Wa kake tsammani yake goge ƙasan?"

Muka fara da safe. Ina ɗebo kwalaben a bokiti ina kai su bakin masai. Masu murfin ƙarfe ba wuya, murɗawa ɗaya. Masu toshiya sai in danna da ƙusa su faɗa ciki, ruwan ya fantsamo mini a hannu. Ina tuttulewa cikin ramin, warin giya yana haɗuwa da na masai yana tasowa, ƙudaje suka yi baƙi a wurin. Sau biyu ina komawa gefe ina amai. Inna ta ɗaure hanci da ɗankwali tana miƙo mini.

Kawu yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin rumfa, yana ganin duk wucewata. Can da na fito da wata kwalba mai tsohuwar takarda sai ya fara gurnani, yana ɗaga hannun da ke motsi. Na tsaya. Hawaye na bin gefe ɗaya na fuskarsa, yawu na zuba a kan rigarsa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin cewa a kan wannan yake kuka. Na dubi Inna. Ta girgiza kai. Na wuce da ita bakin ramin.

Kafin la'asar ɗakin ya zama fanko. Muka wanke ƙasan da toka da sabulu, na cire kantocin na faskara su. Inna ta ce zubar da kwalaben asara ne, ta jiƙa su ta kankare takardun, ta raba wa mata masu man gyaɗa. Ban so ba, amma ba gidana ba ne. Tun daga lokacin, in na ga mai a cikin koriyar kwalba mai duhu ranar kasuwa, sai in wuce gaba in sayi na cikin roba.

Kawu ya ƙara shekara guda da 'yan watanni. Duk Juma'a nakan je in yi masa aski in yanke masa farce. Wani lokaci ya bar ni in riƙe hannunsa, wani lokaci ya juya fuska bango har in gama. Ya rasu farkon damina, ranar da mutane suka fita shuka.