Kaset Ɗin Akuya Mai Kwando

Har yau ban manta da ranar da muka fitar da tsohon injin wasa daga gidan gem ɗin Alhaji Sani da ke bayan tashar Gwarzo ba. Ni ne mai kula da shagon a lokacin. Aikina in tada janareta, in ba kowa hannu, wato abin da ake dannawa, in kuma raba gardama idan ta taso.

Ku da kuka zo yanzu kun tarar da ƙwallo da harbi kawai. Da can ba haka ba ne. Tsohon injin kaset ake cusa masa, kuma kowane kaset da irin shirmensa. Akwai na wani mai dafa abinci da ke guje wa tukwane, akwai na akuya mai ɗauke da kwando tana tare kabewa da ke faɗowa daga sama. Madanni biyu ne kacal a hannunsa.

Da sababbin injuna suka zo, samari suka watse daga kansa. Alhaji ya ce, "Habu, wurin nan zai ɗauki talabijin ɗaya na ƙwallo. Kira ɗan gwangwan." Maganarsa gaskiya ce ta kasuwa. Na kira, aka kwashe injin da kaset ɗinsa duka.

Ranar kasuwa sai ga Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna da ya yi ritaya a Kabo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, an ce masa a asibiti ya riƙa motsa yatsu. Matarsa, Mama Rahila, takan kawo shi a adaidaita sahu idan ta zo sari, ya zauna yana tare kabewa har ta gama. Kafin a kwashe injin ya yi makonni bai zo ba saboda rashin lafiya, shi ya sa babu wanda ya tuna da shi.

Bayan mun gaisa ya dubi lungun. "Ina akuyata, Malam Habu?"

Na faɗa masa. Na ɗora shi a kan ƙwallo, na nuna masa madannan. Ɗan wasansa ya tsaya cik a tsakiyar fili, babban yatsansa ya kasa kaiwa inda ake so. Ya ajiye hannun a hankali, ya ce, "Wannan na masu yatsu goma ne."

Na buga wa Alhaji waya. Ya ce, "Hau babur ka bi mutumin nan." Na same shi a hanyar Dugabau, amma ya riga ya fasa komai ya zare wayoyin ciki. Alhaji da kansa ya zaga kasuwannin Kano, ya samo inji irin wancan, sai dai kaset ɗin akuya bai samu ba. Masu shaguna suka ce rabonsu da ganinsa an daɗe.

Malam Bitrus ya gwada na mai dafa abincin sau biyu, ya ce yana yi masa sauri. Daga nan Mama Rahila ta ci gaba da zuwa sari ita kaɗai.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan kunne yana bin masu hayaniya, alhali wanda ya fi buƙatar wasan sau da yawa ba ya magana. Saboda haka duk abin da za ku fitar daga shago, ku fara tambaya: wa ke zama a kansa?