Baƙin da Ba Kwalli Ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar maigidana ban sake rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ta, ga ni, da raina.

Kafin ya rasu aka gano ina da hawan jinin ido. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, kawai ina ta karo da bakin ƙofa. Aka auna ni a asibiti, aka ba ni magani mai ɗan karen tsada, ina ɗigawa kullum.

Ina cikin takaba a gidanmu na Runjin Sambo sai fatar idona ta yi baƙi, gashin idon ya yi tsawo, zara-zara kamar na amarya. Ni ko madubi ba na dubawa, ina zan sani?

Yayar mijina, Yaya Hajo, ta ƙura mini ido gaban masu gaisuwa.

"Hadiza, mi kinka sa ga idonki? Kwalli cikin takaba? Tun ƙasa ba ta bushe ba?"

Na rantse ban sa komai ba. Ta jiƙo tsumma ta dirje mini fuska da hannunta. Bai fita ba. Ta ce to irin na zamani ne.

Wallahi na ji kunya, na ji zafi. Mutumin da na yi wa jinya har ya cika a hannuna!

Da na yi tunani, na ga ba abin da nake sa wa idon sai maganin asibiti. Sai na jefa kwalbar a kwaba. Gara ido ya yi abin da zai yi da a ce ina kwalliya.

Bayan makonni na zuba shayi a gefen kofi, ya ƙona jikata da ke zaune kusa da ni. Ranar tsoro ya kama ni.

Yaya Hajo ce ta raka ni asibiti, tana ɗaure fuska har muka sauka daga keke. Likita ta auna, ta ce, "Hajiya, kin daina ɗigawa ko?"

Na faɗa mata dalili. Ta ce maganin yana yi wa wasu haka, ba kowa ba. Da na zo, da an canja mini wani. Abin da ya tafi na ganin idon hagu kuwa ba ya dawowa.

Yaya Hajo ta kama hannuna a wurin. "Ni na jawo miki. Ki yafe mini, ƙanwata."

Na yafe mata. Yanzu ita ke bugo waya kullum: "Kin ɗiga?"

Alhamdulillahi, idon dama lafiya lau, sabon maganin ya karɓe ni. Allah ya saka wa likitar nan da alheri, da ku masu addu'a.

Don Allah, in maganin ido ya canja muku wani abu, ko fata, ko numfashi, ko bugun zuciya, ku koma asibiti da kwalbar. Ku goge wanda ya zubo a fata. Kada ku daina da kanku saboda bakin mutane.

Maganar kwalli kowa ya manta da ita. Ni kuwa in jikata ta zo ta hagu, sai ta yi magana nake sanin ta iso.